Ina Alhakin Mai Zubin Harsashi Ya Tsaya?

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin masu sana'ar ƙarfe, wadda sukan kare kansu da ita in an matsa musu da tambaya, wato wai wuƙa ba ta da laifi, mai riƙe da ita shi ne mai laifi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin wuƙar da aka soki mutum da ita a wajen rigima, ita ce dai aka yanka ragon suna da ita, aka fere kabewa, aka fiƙe alƙalamin almajiri. Ba wanda zai je maƙera ya kama maƙeri don an yi ɓarna da abin da ya ƙera domin amfanin gida. To amma mai karatu, mu ɗauke wuƙa mu ajiye harsashi a gurbinta, sa'an nan mu sake faɗin maganar mu ji ko za ta zauna daidai. Shi harsashi ba a fere kabewa da shi. Aikinsa guda ne tun ranar da aka zuba shi, wato ya fita a guje ya huda abin da ya tarar. Saboda haka wanda ya zauna ya narka dalma ya zuba shi ba zai ce bai san abin da hannunsa ya yi ba. Abin da muke so mu duba shi ne, daga ina alhakin wannan mutum ya fara, kuma a ina ya tsaya?

Kada a zaci tambayar ta maƙeran ƙauye ce kaɗai. A ƙasar Amurka akwai ɗimbin mutane, ma'aikata da manoma da 'yan fansho, waɗanda zubin harsashi a gida shi ne abin sha'awarsu, kamar yadda wani a nan yake kiwon tantabaru ko zaman dara. Mutum yakan ware ɗaki guda ya jera kayan aikinsa, ya narka dalma ya zuba a mazubi, ya tattara kwansunan da ya riga ya harba ya sake cika su. A 'yan shekarun nan har sukan shafe harsashin da wani irin fenti mai launi don kada dalmar ta riƙa mannewa a cikin bututun bindiga. Akwai kamfanoni irin su Lee da Lyman da RCBS waɗanda sayar da kayan wannan aiki shi ne cinikinsu, kuma dokar tarayyar ƙasar ba ta hana mutum yi domin amfanin kansa ba, sai in sana'ar sayarwa zai yi ake neman lasisi. In aka tambaye su dalili sukan ce ya fi araha, ya fi daidai wajen saiti, sa'an nan akwai daɗi a ce abin da ka harba aikin hannunka ne. Akasarin waɗannan harsasai kuwa a jikin takarda da tarin ƙasa suke ƙarewa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, ko da yake ba mu taɓa ɗaukarsa wasa ba. Harshenmu kansa shaida ne. Kalmar harsashi daga Larabci muka aro ta, inda asalin ma'anarta dalma, haka nan albarushi da bindiga duk ta wannan ƙofa suka shigo mana. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) a matsayin wanda ya fara ajiye 'yan bindiga cikin masu tsaronsa. A Damagaram kuwa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi har da zubin igwa a birnin Zinder. Da Turawa suka yi taronsu a Burusel ta ƙasar Beljiyam a 1890, sai suka amince su toshe shigo da bindigogin zamani da harsashinsu zuwa mafi yawan Afirka, suka bar mana tsofaffin nan da ake ɗurawa ta baki. Sakamakon haka an gan shi a Kano a 1903, an kuma gan shi nan kusa da mu a Haɗeja a 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya kwanta dama tare da jama'arsa masu yawa. Wannan bindigar da aka bar mana, wadda muke kira bindigar toka ko baushe, masu ba'a su ce harba-ka-ruga, ita ce maƙeranmu suka ƙware a kanta, kuma ita ce har yau a kafaɗar maharbin karkara.

Mu mutanen Dutse muna da dalili na musamman da zai sa mu kula da wannan zance, domin tarihin baka ya ce wani maharbi ne mai suna Duna Magu ya fara zama a gindin duwatsun nan saboda yawan gada, daga nan ne ma aka sami laƙabin Gadawur. Ke nan farauta ce ta kafa garin. Yau ga shi, tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 Dutse ta zama babban birni, gine-gine sun cinye fili, har yaro a nan Yalwawa ya gama sakandare bai taɓa sa gada a idonsa ba. Ba za mu ɗora wa bindiga wannan duka ba, garma da gatari da bulo sun fi ta ɓarna a kan dajin. Amma tana da nata kason.

Bari mu fara ba mai zubin harsashi haƙƙinsa, don yana da shi. Duk wanda ya tashi a karkarar Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu ya san yadda tsohon maharbi yake da harsashinsa. Ya san adadinsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, tun da dalmar shi ya nemo ta, gawayin nasa ne, gumin nasa ne. Bindigarsa kuma sau ɗaya take magana, in ta yi sai ya tsuguna ya sake ɗura ta, kafin ya gama abin da ya kuskure ya kai wani dajin. Wannan ya tilasta masa wani irin hali. Dole ya koyi sanɗa, ya san inda iska ta dosa, ya ɗora burtu a ka ya yi ta rarrafe cikin ƙaya har ya matso kusa, ya ga abin da zai harba ido da ido. Mutumin da harsashi ɗaya ne a gare shi ba ya harbin motsin ciyawa, domin mai yiwuwa kurege ne, mai yiwuwa kuma yarinya ce mai ɗiban itace. Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma ba mu tsammanin maharbi na ƙwarai ne ya ƙago wannan karin magana. A wurinsa harbi a wutsiya asara biyu ce, harsashi ya tafi, ga dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a banza cikin wahala.

Malamanmu na fiƙihu ma sun tsaya a nan. Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta rarrabe tsakanin farauta domin buƙata, wadda ta halatta, da farauta domin wasa kawai, wadda ta ce makaruhi ce. Da bindiga ta zo sai aka yi ta muhawara ko naman da harsashi ya kashe ya halatta, tun da a da an hana cin abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu saboda duka yake yi ba huda ba. Malamai irin su Abdulƙadir Alfasi na ƙasar Maroko suka ce harsashin dalma yana hudawa ya zubar da jini, saboda haka ya halatta in an ambaci sunan Allah. Abin lura shi ne, waɗannan bayin Allah sun zauna sun yi wa ɗan dunƙulen dalma tambayoyi, yaya yake kisa, me ya sa aka harba shi. Ba su ce ai ƙarfe ne kawai ba.

A gwada wannan da harsashin kamfani. Wani ya haƙo ma'adini a wata nahiya, wani ya narka, inji ya zuba dubbai cikin sa'a guda, wani ya sa hannu a takardar fitarwa, wani ya yi dillanci, wani ya cusa a buhun hatsi ya ratso iyaka, sa'an nan wani yaro da bai kai shekara ashirin ba ya danna kunama a wani ƙauye na Zamfara ko Katsina. Tun bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka ƙara malalowa yankin Sahel ta irin wannan hanya. In ka bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya kowa zai ce maka nasa ɗan kaɗan ne, shi takarda kawai ya cika, shi mota kawai ya tuƙa. An gutsuttsura alhakin har ya zama kamar ba shi, alhali ga gawa a kwance. Shi kuwa maharbin da ya zuba nasa, ya ɗura da kansa, ya harba da kansa, ba shi da wanda zai miƙa wa laifi. Wannan nauyi ne, amma a ganinmu daraja ce, kuma ita ce abin da ya fi kyau a cikin al'adar baki ɗaya. Mai yiwuwa ma wani ɓangare na abin da Ba'amurken nan yake nema a ɗakinsa ke nan ba tare da ya faɗa ba, wato ya san abin da ke fita daga bakin bindigarsa.

Sai dai wannan daraja tana fara tsagewa ranar da mutum ya zuba wa wani. A nan ne maganar wuƙa take dawowa, maƙeri ya ce shi sana'a yake yi, bai san gaibu ba. Gaskiya ne bai san gaibu ba, kuma ba wanda zai kama shi da abin da ba shi da hanyar sani. To amma akwai rashin sani, akwai kuma ƙin sani. Maƙerin ƙauye ba kamfanin Turai ba ne, ya san wanda ya tsuguna a gabansa, ya san ubansa, ya san ko yana da gonar da birai ke ɓarna a ciki ko ba shi da ko kunya ɗaya. In baƙo ya zo da dare, ba ya ciniki, ba ya son a ga fuskarsa, yana neman abin da ya fi ƙarfin zomo da gafiya, maƙeri ya karɓi kuɗi ya kau da kai, to wannan ba jahili ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mai saƙa ta kuwa ya riga shi sani. Malaman mazhabar Malikiyya sun hana sayar da makami ga masu fitina a lokacin fitina, bisa ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna, ko da yake shi cinikin a kan kansa halal ne. Akwai kuma hadisin da ya nuna cewa kibiya guda takan jawo lada ga mutum uku, wanda ya ƙera ta da kyakkyawar niyya, da wanda ya miƙa ta, da wanda ya harba. To in maƙeri yana da rabo a lada saboda niyyarsa, da wane lissafi za a cire shi daga alhaki in ya yi ganganci?

Yanzu kuma ga tambayar sha'awa. Wani matashi zai iya cewa, tun da harbin takarda ba kisa ba ne, kuma koyon harbi abu ne da ko addini ya yaba, me zai hana shi ma ya mai da zubin harsashi abin hutawarsa kamar Ba'amurke? Amsa ta farko ta doka ce. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi a Nijeriya sai da izinin hukuma, ita kanta bindigar toka ta sa ta a wani rukuni na musamman, ta ɗora lasisinta a hannun 'yan sanda. (Ko maharba nawa ne aka taɓa karanta wa wannan doka da Hausa, wannan wani zance ne da ya kamata hukuma ta amsa.) Amma doka ba ita ce ƙarshen magana ba, domin abu yakan zama wasa a wata ƙasa ya zama ganganci a wata, ko da ba a rubuta ba. Wanda ke wasa da ashana a bakin kogi da wanda ke yi a gindin rumbu cikin hunturu, hannunsu iri ɗaya yake motsawa.

Mu a gindin rumbu muke. A watan Maris na 2025 wasu mafarauta 'yan Jihar Kano suna kan hanyarsu ta dawowa gida daga kudu domin Sallah, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogin farauta a tare da su, aka yi musu taron dangi aka kashe mutum 16. Jinin waɗannan bayin Allah yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba mu raba shi da kowa. Amma abin ya nuna mana inda ƙasar ta kai, cewa bindigar toka wadda a da in an gan ta sai a ce ga maharbi, yanzu a wurare da yawa ba a tsayawa tambaya. A ɗaya gefen kuma, a ƙarshen 2014 mafarautan Adamawa da irin waɗannan bindigogi suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato garuruwa irin su Mubi daga hannun Boko Haram. Saboda haka ba mu cikin masu cewa a bi gida gida a karɓe bindigar maharbi, a bar ƙauye tsirara alhali na cikin daji yana riƙe da wadda ta fi ta. Maharbi yana da sana'a, yana da Sarkin Baka da ya san shi, yana da jama'ar da za ta tsawata masa. Mai sha'awa kuwa ba shi da ko ɗaya daga ciki, shi da nishaɗinsa ne kawai, kuma duk gwanintar da ya koya ba za ta tsaya a ɗakinsa ba, ƙanensa yana kallo, abokin ƙanensa yana kallo.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan game da inda harsashi ya nufa ne. Akwai kuma wani alhakin da ke baya, tun kafin a ɗura bindiga, kuma shi ne wanda ko maharbi na ƙwarai bai cika gani ba. Dalma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 ba, wanda wutar gawayi ma ta ishe shi, shi ya sa aikin ya zama na cikin gida. Kuma a wurinmu hanyar samunta mafi sauƙi ita ce tsohon batirin mota. Wannan sauƙin nata shi ne masifarta. Dalma guba ce, ƙurarta da hayaƙinta suna shiga jiki ta hanci da baki su zauna a jini da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin mutum da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa. Ga shi yaro a ƙasa yake wasa, hannunsa kullum yana baki.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Iyayensu ba mugaye ba ne, dutsen zinariya suke kawowa gida ana daka ana niƙa a tsakar gida, ashe dutsen cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A wata unguwa ta gefen birnin Dakar kuwa, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu saboda ana fasa tsofaffin batura a unguwar ana fitar da dalma. Ko shakka babu mai zuba 'yan harsasai goma bai kai waɗannan yawan ƙura ba. Amma gubar ɗaya ce, tsakar gidan ma ɗaya ce, kuma dalma ba sai ta kashe take ɓarna ba. Kaɗan daga cikinta ya isa ya rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, ya hana shi natsuwa, kuma abin da ta rage ba ya dawowa. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san yaron da akan kira daƙiƙi, wanda ake ta maimaita masa abu yana kallonka kamar bai ji ba, a ƙarshe a ce ai haka Allah ya yi shi. Ba mu ce duk irin wannan yaro dalma ya shaƙa ba, dalilai suna da yawa. Amma wanda nasa dalilin dalma ce ba zai taɓa sani ba, uban da ya narka ta ma ba zai sani ba.

Bayan harbi ma ba ta gama ba. Harsashin dalma yakan farfashe a cikin nama ya bar ɓurɓushin da ido ba ya gani, ya shiga tukunya tare da naman. Abin da aka yar a daji kuma ungulu da shaho su ci. Ƙananan ƙwayoyin da suka zube a fadama agwagin ruwa sukan haɗiye su a zaton tsakuwa ce. Wannan ne ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023, jihar Kalifoniya kuwa ta hana farautar kowace irin dabba da ita daga 2019. Mu da muke da dausayin Baturiya a cikin jiharmu, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai suna cin rani, wannan zance bai kamata ya zama baƙo a kunnenmu ba.

Za a ce ai kakanninmu sun narka dalma ba su mutu ba. Haka ne, babba ba ya cika faɗuwa nan take, shi ya sa ba a zargi gwangwanin ba. Kuma kakannin nan ba su sani ba, ba za a kama su da abin da ba su sani ba. Mu ne muka ji labarin Bagega a rediyo. Daga ranar da labarin ya shiga kunnen mutum, hukuncinsa ya zama irin na maƙerin nan da baƙon dare, ko dai ya tsaya ya duba ko ya kau da kai da gangan.

Abin dubawar kuwa ba shi da nisa. A kan wane murhu aka ɗora, na maƙera ne a bayan gari ko kuwa wanda za a ɗora tuwon dare a kai? Wa ya share tokar, da wace tsintsiya, ina aka zubar? Rigar da aka yi aikin da ita, ita ce aka ɗauki jariri da ita da magariba? 'Yan ɗigon da suka fallatsa a ƙasa suka daskare suna ƙyalli kamar azurfa, wa ya tsince su? Shi kansa gwangwanin, in ya huce, a gidaje da yawa bayan ɗaki akan jefa shi, daidai inda 'yan mata ƙanana suke tattara gwangwanaye suna wasan girki.